Safar Hannu Ta Aiki: Kauri Ba Shi Ne Kariya Ba

Yawancin masu neman safar hannu a shagunan kayan gini na Babbar Kasuwar Gombe maganarsu ɗaya ce: "A ba ni mai kauri." Mai shago ya miƙo wadda ta fi nauyi, a biya, a tafi. Bayan kwana biyu sai a tarar da ita rataye a jikin ƙusa, yaron da aka saya wa yana ɗaga kwano da hannunsa haka nan. Ba taurin kai ne ya sa shi ba. Safar ce ta hana shi riƙe ƙusa, ta cika masa hannu da zufa, shi kuwa aiki ake jira ya gama kafin la'asar.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: me ke cin hannu a wannan aikin? Birkila da leburan da ke ɗaukar bulo gurza ce ke cinye musu fata, ga siminti. Mai rufin kwano da mai haɗa tagar gilashi kaifi ne abokin gabarsu. Mai ɗaurin rodi bakin waya ke huda shi. Bakanike yana fama da baƙin mai, ga sifana da ke suɓucewa ta dauje masa gaɓoɓin yatsu. Mai walda kuma tartsatsi da ƙarfe mai zafi. Safar da ta yi wa ɗaya daga cikinsu rana tana iya zama banza ga na kusa da shi, wani lokaci ma ta zama ita ce hatsarin.

Masu ƙera safa ta gaske sun san da wannan, shi ya sa suke buga wata alama a bayanta: hoton garkuwa da guduma a ciki, a sama an rubuta EN 388, a ƙasa kuma lambobi huɗu da harafi ɗaya ko biyu. Ma'aunin Turai ne, kuma mafi yawan kayan kirki da ke shigo mana daga Sin ko Indiya ko Fakistan suna ɗauke da shi. Wanda ya iya karanta wannan ɗan layin ya huta da rantsuwar mai shago.

Lambar farko ta gurza ce, daga 1 zuwa 4. Ana goga yankin tafin safar a kan takardar yashi har ya ɓule. Wanda ya jure zagaye 100 ya sami 1, mai 500 ya sami 2, mai 2,000 ya sami 3, mai 8,000 shi ne 4. A lura da tazarar: tsakanin 2 da 4 ninki goma sha shida ne. Lamba ta biyu ta yanka ce bisa tsohon gwaji, daga 1 zuwa 5. Ta uku yagewa, ta huɗu huda, kowace daga 1 zuwa 4. A gwajin huda, 1 na nufin ƙarfin niyutan 20, 4 kuma niyutan 150. Niyutan 10 kusan nauyin kilo ɗaya ne, don haka mai 4 sai an danna mata tsinken ƙarfe da nauyin kilo 15 kafin ta ɓule. Amma tsinken gwajin bakinsa bai kai na allura tsini ba. Masu kwashe shara a asibiti da 'yan gwangwan da ke tonon bola su san cewa 4 a wannan gurbin ba ta hana allura shiga.

Harafin da ke biye shi ne ya fi muhimmanci ga duk mai taɓa abu mai kaifi. An ƙara shi a gyaran da aka yi wa ma'aunin a 2016, saboda tsohon gwajin yana yaudara. A tsohon, wata wuƙa ce mai kama da faifai take kai da komowa a kan safar har ta ratsa ta. Da aka fara saƙa safa da zaren gilashi da na ƙarfe, sai ya zama zaren ne ke dakushe wuƙar tun kafin a gama gwajin, safar ta sami lamba mai kyau ba tare da ta cancanta ba. Sabon gwajin kuwa sabuwar reza ake ja sau ɗaya, tsawon milimita 20, a auna nauyin da aka ɗora mata kafin ta ratsa. Harafin A niyutan 2 ne, B 5, C 10, D 15, E 22, F 30. Idan aka ga X a wani gurbi, ba a yi wannan gwajin ba ke nan. Idan kuma akwai P a ƙarshe, safar ta ci gwajin bugu a bayan hannu. Saboda haka mai 4X43C tana jure gurza sosai, ba ta yagewa da wuri, kuma kaifi sai da nauyin kilo ɗaya yake ratsa ta. Mai 2121X kuwa ta ɗaukar kaya ce kawai. Wadda aka ga lambobi huɗu kaɗai a jikinta, ba harafi, a kan ma'aunin 2003 aka gwada ta, kuma 5 ɗin da ke gurbi na biyu kada a ɗauke shi daidai da F. Kayan Amurka nasu lissafin daban ne, daga A1 zuwa A9, da giram suke aunawa: A1 giram 200, A4 giram 1,500, A9 giram 6,000. A4 ɗinsu kusa take da D ta Turai.

To, yanzu a zo kan abin da ke kasuwa.

Farar safar auduga, da 'yar uwarta mai ɗigo-ɗigon roba a tafi, ita ce mafi araha, kuma ba za a raina ta ba a inda ta dace. Masu dakon buhu a Tudun Hatsi tana hana musu bororo, tana shan zufa, iska na ratsa ta. Iyakarta ke nan. Bakin kwano yana wuce ta kamar babu, sartse yana shiga, in ta sha mai ko ruwan siminti sai ta riƙe shi a jikin fata har yamma.

Wadda ta fi yawa a wuraren gini ita ce saƙaƙƙiya mai tafin roba, ja ko ruwan lemo ko kore, robar tana da gwarje-gwarje. Wannan robar lateks ce, ta ƙaron itace. Wajen riƙo babu kamarta: bulo, katako, rodi, busasshe ko jiƙaƙƙe, duk tana kama shi gam. Tana da laushi, tana miƙewa, ba ta saurin yagewa. Matsalarta mai. Da ta haɗu da baƙin mai ko gas ko fetur sai ta kumbura, ta yi danƙo, ta fara saɓulewa. Rana ma tana cin ta, shi ya sa wadda ta daɗe a rataye a ƙofar shago take tsattsagewa tun ranar farko. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya son lateks, hannu ya yi ta ƙaiƙayi da ƙuraje. Wanda ya ga haka ya canza, kada ya daure.

Abokiyar takararta ita ce mai tafin naitiril, galibi baƙa ko ruwan toka, ko da yake launi ba hujja ba ne, a karanta leda. Naitiril robar masana'anta ce, mai ba ya narka ta, kuma a gwajin gurza ta saba kai wa 4 inda lateks ke tsayawa a 2 ko 3. Iri biyu ake samu. Mai santsi tana hana mai ratsawa, amma ƙarfe mai maiƙo yana zame mata. Mai kama da soso tana tsotse ɗan man da ke jikin ƙarfe ta riƙe shi, iska ma tana ɗan shiga, sai dai in an tsoma ta cikin mai zai kai ga fata. Ga bakanike, mai gyaran janareto, mai gyaran babur da Keke Napep, babu ma mahawara: naitiril. Ga lebura mai ɗaukar busasshen bulo, lateks ta fi riƙo kuma ta fi sauƙin kuɗi, naitiril ta fi daɗewa. In ni ne mai saye wa ma'aikata na tsawon wata da watanni, naitiril zan ɗauka, don kuɗin da aka rage a farko yana komawa wajen sake saye.

Akwai kuma siririya mai tafin wata roba da ake kira PU, wadda take manne wa hannu har mutum ya iya ɗaukar ƙaramin noti daga ƙasa. Masu haɗa kayan almini, masu gyaran na'ura da masu saka sola sukan ji daɗinta, musamman a Maris da Afrilu lokacin da zafin Gombe ke kai wa digiri 40. Ba ta aikin ƙarfi ba ce, kuma cikin mai ko ruwa riƙonta yana raguwa. Amma a tuna PU, lateks da naitiril duk sunayen shafen tafi ne. Abin da ke hana yanka yana cikin zaren da aka saƙa safar da shi.

A nan ne mutanenmu suka fi yin asara, domin mun yarda da fata fiye da kima. Ba mamaki, mu mutanen jima ne da dukanci, mun san fata tana daɗewa. Safar fatar saniya tana da kyau ƙwarai wajen gurza, tana tare sartse da bakin waya, tartsatsi ya faɗo mata ya mutu. Mai jan igiyar ƙarfe, mai loda katako a Kasuwar Katako, mai fasa dutse, duk ta yi musu. Ta fatar akuya ta fi laushi, yatsu suna motsi a cikinta, ita ake so a walda mai buƙatar natsuwar hannu. Sai dai fata ba ta tsayawa gaban kaifi. Ai da wuƙa baduku yake yanka ta kullum, ba tare da wahala ba. Safar fata zalla, komai kaurinta, a gwajin yanka a matakin ƙasa take tsayawa. Mai rufi da ya saka ta ya kama gefen kwano, kwanon ya zame daga sama da nauyinsa, abin da ke tsakanin kaifin da jijiyoyin yatsunsa bai taka kara ya karya ba. Kuma jijiyar da ke lanƙwasa yatsa, in ta tsinke, ba ɗinkin fata ba ne: tiyata ce, da makonni hannu a ɗaure, wani lokaci yatsan ba ya komawa yadda yake. Ga wanda da hannu yake ci da iyalinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Fata tana da wani aibin kuma: in ta jiƙe ta bushe sai ta ƙandare, daga nan ma'aikaci ya yar da ita.

Mai hana yanka a ido ba ta da kwarjini. Siririya ce, zarenta toka-toka mai ratsin fari ko kuma rawaya, mutum ya ɗauke ta ya ji ba nauyi ya ce ta yara ce. Mai rawayan galibi zaren Kevlar ne, wanda wata masaniyar sinadarai, Stephanie Kwolek, ta gano a kamfanin DuPont na Amurka a 1965, irin wanda ake sakawa a rigar sulke. Mai tokar kuma zaren HPPE ne, wanda Dyneema ke cikin sanannun sunayensa, sau da yawa a cakuɗa shi da zaren gilashi ko na ƙarfe don a kai D ko E ko F. Bambancinsu a aikace shi ne zafi. HPPE ba ya ɗumama hannu, yana jure gurza da wanki, amma dangin leda ne, yana narkewa a wajen digiri 140. Mai walda ko mai taɓa ƙarfen da aka yanka yanzu kada ya kusance shi, don zai narke ya manne a fata. Kevlar ba ya narkewa, yana jure zafi, sai dai rana tana raunana shi, ruwan bilic kuma yana kashe shi gaba ɗaya.

Wane harafi za a nema? Mai ɗaukar kwali da kayan shago A ko B ta ishe shi. Mai rufin kwano, mai yankan tayil, mai aikin almini, a ganina kada su sauka ƙasa da C. Mai ɗaga manyan gilasai da mai sana'ar gwangwan da ke juya yagaggen ƙarfe su nemi D zuwa sama. Ba dole ba ne kowa ya bi F. Yayin da harafi ke hawa kuɗi na hawa, zare na ƙara tauri, kuma in ta yi tauri yaro zai cire ta. Abu biyu kuma a riƙe. Na farko, saƙa ce, tsini yana bi ta tsakanin zare, don haka mai hana yanka ba lalle ta hana ƙusa ko waya mai ƙaya ba, sai an duba lamba ta huɗu. Na biyu, babu safar da ke tsayar da zarton inji ko faifan injin yankan ƙarfe. Mahauta nasu daban ne: safar zoben ƙarfe, a hannun da ke riƙe nama, ba hannun wuƙa ba.

Mai ƙullutun roba a bayan yatsu, wadda ke ɗauke da P, ta masu manyan ƙarafa ce: haƙar rijiyar burtsatse, gyaran tirela, ma'adinai irin na kwal a Maiganga. Tana rage zafin bugu a gaɓoɓi. Ba ta hana dutse ko injin da ya faɗo murƙushe yatsa, kuma ga bakaniken da ke cusa hannu cikin lungun inji ƙullutun kansa cikas ne.

Siminti yana buƙatar a tsaya a kansa, tunda a jihar da ke da masana'antar Ashaka babu unguwar da ba a kwaɓa shi. Jiƙaƙƙen siminti sinadari ne mai ƙuna, ƙarfinsa a ma'aunin sinadarai da ake kira pH yana tsakanin 12 da 13. Ba ya zafi nan take, a hankali yake cin fata, sai da dare mutum ya ga hannu ya yi ja ya tsattsage, in hunturu ne abin ya haɗu da kaushi har jini. Safa mai shafe a tafi kaɗai ba ta magance wannan, don ruwan kwaɓi yana shiga ta saƙar baya ya kwanta a ciki, abin ya fi muni da a ce babu ita. Mai kwaɓi da mai zuba kankare doguwar safa suke buƙata wadda aka tsoma ta gaba ɗaya cikin naitiril ko robar PVC, ta wuce wuyan hannu. In kwaɓi ya shiga, a cire a wanke hannu da ruwa mai yawa a lokacin, ba sai an tashi aiki ba.

Mai walda safarsa doguwar fata ce mai ma'aunin EN 12477. Mai aikin wutar lantarki kuma babu ko ɗaya cikin waɗanda aka ambata da ke kare shi, balle mai zaren ƙarfe. Tasa ta musamman ce, mai ma'aunin IEC 60903, an rubuta iyakar ƙarfin wutar da take ɗauka a jikinta.

Akwai wurin da amsar ita ce kada a saka safa sam, kuma wannan ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Duk injin da ke juyawa: injin niƙa da na markaɗe, na casar shinkafa, na matsar man gyaɗa, na sussuka, injin huda ƙarfe na tsaye, na feƙe ƙarfe, bel da fulinsa. Hannu ba safa in ya gogi bel, mutum yana fizgewa da ƙujewa. In da safa, inji ya kama zare ɗaya, ya naɗe, ya ja hannun duka kafin mutum ya yi salati. A nan ingancin safa shi ne sharrinta: mai 4 a gurbin yagewa ba za ta yage ta saki hannun ba. Masu ƙera ta da kansu suna rubuta wannan gargaɗin a takardar da ke cikin leda. Maganin irin wannan injin murfi ne a kan bel, da sandar tura kaya, da kashe shi kafin a sa hannu a ciro abin da ya toshe. Zobe, agogo da hannun riga mai faɗi duk hukuncinsu ɗaya da safa.

Girman safa kuma ba a cika tambayarsa ba, alhali shi ke sa a saka ko a cire. A wani shagon haɗa ƙofofi na ji maigida yana yi wa yaronsa faɗa: "Kai, ina safar da na saya maka?" Yaron ya ce, "Oga, wallahi in na saka ba na jin noti a hannuna." Da aka ɗauko ta, lamba 11 ce, yatsunta sun wuce na yaron da kusan rabin gaɓa, kan kowane ya lanƙwashe. Awon ba wuya: a zagaya tef a tafin hannu daidai gindin yatsu, ban da babban yatsa. Inci nawa ya bayar, ita ce lambar. Inci 8, wato wajen santimita 20, lamba 8 ke nan. Inci 9 lamba 9. Inci 10 lamba 10. Dozin ɗaya mai girma ɗaya ba zai yi wa ma'aikata goma daidai ba, musamman in akwai samari masu koyo a cikinsu. A leda kuma akan ga 10, 13, 15 ko 18 tare da harafin G. Wannan yawan saƙa ne a inci guda, kuma mai babbar lamba ita ce siririya mai barin yatsu su ji abin da suka taɓa.

Jabu na nan, buga hoton garkuwa ba ya cin komai. Ta gaske tana ɗauke da sunan kamfani, lambar samfuri da girma a jikinta, kuma in an rubuta lambar samfurin a intanet takardar bayaninta za ta fito da lambobi iri ɗaya da na jikin safar. Wadda ba suna, ba takarda, tana iƙirarin matakin ƙoli amma kuɗinta bai wuce na auduga ba, a bar wa mai shago kayansa. Kada kuma wani ya gwada ta da wuƙa alhali hannunsa na ciki.

Batun wa zai biya, Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta ɗora wa mai masana'anta samar da kayan kariya, har da safar hannu, ga ma'aikatan da ke hulɗa da abubuwa masu cutarwa, kuma shi zai riƙa sabunta su. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ƙananan shagunanmu da yawa ba su shiga tsarin ba, don haka in yaro ya yanke, kuɗin ɗinki da allurar tetanus da kwanakin zaman gida a kan maigida da iyayen yaron suke faɗawa.

Mai shirin saye da yawa kada ya fara da katan. Ya ɗauko saiti biyu ko uku na nau'o'in da suka dace da aikinsa, a girman da ya yi wa kowa, ya raba wa yaransa su yi mako guda da su. Ya duba wacce ce har azahar tana hannu, wacce tafinta ya fara ɓulewa a babban yatsa da manuniya, sannan ya koma kasuwa da lambar samfurin a rubuce. Duk wadda robar tafinta ta cinye har zare ya bayyana, ko ɗinkin yatsa ya buɗe, a ranar za a canza ta.